Akori-kurar Mahaifinka

Zuwa ga Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ku lafiya, kai da amaryarka Safiya, ya sa kun sauka Minna ba tare da wata wahalar hanya ba. Allah ya sa garin ya karɓe ku, sabon aikin kuma ya zame maka alheri. Mahaifinka yana gaishe ku, ƙannenka ma haka. Labarin gida ba zan ba ka ba, wannan ƙannenka za su isar maka da shi ta waya har ka gaji.

Na sa takardar a ƙasan jakar da na zuba muku daddawa da kuka, don na san Safiya ce za ta buɗe ta miƙa maka. Kai ɗan fari ne. Tun da na haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban kuma taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Haka aka rene mu, kuma a shekaruna ba zan sake hali ba. Amma koyarwar da na yi a firamare ta bar mini sabo da alƙalami, abin da bakina ya kasa faɗa hannuna zai iya rubutawa.

Ana gobe za ku tafi, ina tsakar gida ina ɗaure muku kaya, na jiyo ka a zaure kana waya. Kana tambayar wani ko tsohuwar akori-kurar da ya gani a bayan wani gareji a Minna tana nan, ko injinta na asali ne, ko tsatsa ta cinye ƙasan bodinta. Ko gidan da za ku zauna ba ka gani ba, amma ka riga ka san inda matacciyar mota take a garin. Safiya tana gefena tana naɗe tabarma. Ta ji, ta yi ɗan murmushi, ta sunkuyar da kai. Na gane murmushin nan, don na taɓa yin irinsa, na kuma san abin da ya biyo bayansa a gidan nan. Ban rubuto don in hana ka ba. Son tsofaffin motocin nan gado ka yi, kuma ba abin kunya ba ne. Na rubuto ne in gaya maka inda na yi kuskure a kan motar mahaifinka, da inda shi ma ya yi, ko Allah ya sa ku tsallake.

Kana makarantar kwana aka kawo ta, saboda haka farkon al'amarin ba ka gan shi ba. A lokacin mahaifinka yana aikinsa na malamin dabbobi, kullum yana bisa babur tsakanin ƙauyuka da rugage yana yi wa shanu allura. Na daɗe da lura cewa in muna tafe muka haɗu da akori-kura ƙirar 404, sai ya rage gudu ya bi ta da kallo har ta ɓace. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Ashe duk inda aiki ya kai shi yana leƙa bayan gidaje yana neman irinta. A wani ƙauye gaba da Sandamu ya samu ɗaya a bayan rumbun wani tsoho. Tayoyinta sun nutse cikin ƙasa, kaji suna ƙwai a kan kujera, tumfafiya ta fasa tsakiyar bodi ta fito. Tsohon ya ce ba ta sayarwa ba ce. Mahaifinka bai matsa masa ba. Ya ci gaba da zuwa yana duba masa shanu, yana zama su yi hira, damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, har ranar da tsohon da kansa ya ce masa ya zo ya ɗauka, ya fi son ta tafi wurin wanda zai duba ta.

Da hantsi aka jawo ta da tarakta. Ranar mata sun cika gidanmu ana aikin abincin sunan wata maƙwabciya. Muka ji ihun yara, muka leƙa ta zaure. Ga abu nan ja-ja-wur da tsatsa, babu gilashi, gashin kaji yana tashi daga ciki. Mahaifinka yana tsaye riƙe da igiya, fuskarsa cike da murnar da ban taɓa gani a tare da shi ba. Matan suka juyo suna kallona. Kunya ta kama ni, sai na ce, "Kun gani, Malam ya sayo mana akurki mai taya."

Aka kwashe da dariya. Mahaifinka ya ji. Ya sunkuya ya ci gaba da kwance igiya, amma murnar nan ta bar fuskarsa. Kafin yamma sunan ya zagaye unguwa. Shekara da shekaru, har yaran da ba a haifa ba a lokacin, Akurkin Malam suke ce mata. Ni na raɗa sunan, don kawai in nuna wa mata cewa ba da shawarata aka yi ba.

Abba, kada ka taɓa wanke kanka a gaban mutane da abin da matarka take so. Ko me ta ɗauko wanda ba ka gane amfaninsa ba, ɗinki ne, kiwo ne, karatu ne, in abokanka suka dube ka suna jiran ka yi dariya, ka haɗiye ta. Ka bari sai kun shiga ɗaki. Maganar da aka faɗa a ɗaki ana iya janye ta, wadda aka faɗa a gaban taro kuwa ta fita daga hannunka.

Mahaifinka ya kafa rumfar zana a gefen gida, ya shiga kwance motar gaɓa-gaɓa. In ya dawo aiki ya yi La'asar, can zai nufa har a kira Magariba. Ranar Asabar da Lahadi kuwa wuni yake yi. Kowane noti sai ya jiƙa shi a kalanzir ya goge da burushi. Bodin ya bi shi da samfefa har tafin hannunsa ya yi kanta. Inda tsatsa ta huda, ya kira mai walda a yanke a sa sabon ƙarfe, ya ƙi yarda a shafe da abin cike rami a rufe da fenti. Ya jera sassan a ƙarƙashin rumfa bisa wani tsari da shi kaɗai ya sani. Ni abin da nake gani tarin shara ne, da rigunan da baƙin mai ya ɓata, da tuwon da ke hucewa a kwano, da mutumin da ya daina zama ya tambaye ni yadda na wuni. In ƙannenka sun yi faɗa ni ce alƙali, in ɗaya ya kwanta ciwo ni ce mai kai shi asibiti, shi yana ƙarƙashin mota ƙafafunsa kawai ake gani. Ban same shi na ce, Malam, ka yi nisa da mu ba. Na bar abin ya taru a cikina.

Wata damina aka tura su mahaifinka rigakafi wajen Dutsi na 'yan kwanaki. Ruwa ya rushe garken awakina, ina neman inda zan ɗaure su. Sai ga mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa da kurarsa, ya rataye robobi da bokitai na musaya. Na kira shi. Na nuna masa wani tari a ƙarshen rumfa, wanda a ganina shi ya fi lalacewa, na ce ya kwashe. Mutumin da kansa ya tsaya ya tambaye ni ko mai gida ya sani. Na ce masa gidana ne. Ya ba ni robobi, ya tura kurarsa ya tafi. A cikin tarin akwai ƙyauren bayan bodi, da ragar gaban motar, da kafireto wanda mahaifinka ya gama wankewa ya naɗe a tsumma.

Da ya dawo, kafin ya shiga cikin gida rumfar ya fara leƙawa. Ya tarar da awaki a wurin.  Da ya shigo na yi masa sannu da zuwa, ya amsa, sannan ya ce, "Wace hanya ya bi?" Na faɗa masa. Ko ruwa bai sha ba ya hau babur. Ya samu inda masu ƙarafa suke tarawa, aka ce masa an riga an loda a babbar mota an yi Kano da su.

Na shirya wa faɗa, faɗan bai zo ba. Abin da ya zo ya fi faɗa ciwo. Yana gaishe ni, yana cin abincina, bai rage mini komai na hakkina ba, amma hira ta mutu a tsakaninmu har kaka ta wuce. Da abin ya ishe ni na tafi wurin yayarsa, Gwaggonka Talatu, na kai ƙara. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni ko na san dalilin da ya sa ya nemo motar. Na ce a'a. Ta ce kakanka, wanda ka ci sunansa, irinta sak gare shi, da ita yake fataucin hatsi tsakanin Daura da kasuwannin ƙauye. Mahaifinka tun yana ƙarami a bayanta yake zama bisa buhuna, shi ke sauka ya buɗe ƙyauren baya in an isa kasuwa. Yana makarantar koyon aikin dabbobi kakanka ya rasu. Kafin saƙo ya kai masa ya iso, an yi jana'iza. Kafin ya sake dawowa hutu, an sayar da motar wajen rabon gado. Bai ga gawar ba, bai kuma sake ganin motar ba. Gwaggonka ta ce, "Ba ƙarfe yake gyarawa ba, Binta. Ke ce ba ki tambaya ba."

Na dawo gida ina juya maganar a raina. Mun haifi 'ya'ya tare, mun binne ɗaya tare, amma wannan ban sani ba.

Nan akwai nasiha biyu, ɗaya daga laifina, ɗaya daga nasa. Tawa ita ce, abin da ba kai ka ajiye ba, kada ka yanke masa hukunci, ko da a idonka shara ne. Ka tambaya, ka kuma tambayi dalili. Tasa kuwa, Allah ya ba shi lafiya, ba don in rage masa daraja a idonka nake faɗa ba: da ya zaunar da ni tun farko ya ba ni labarin kakanka, da ni ce zan riƙa kore awaki daga rumfar nan. Ya ɗauka abin da ke ransa a fili yake. Kai ma haka kake, ba ka da yawan magana. Safiya ba za ta iya karanta cikinka ba. Kafin ka jawo wata mota ƙofar gidanku, ka gaya mata abin da kake nema a jikinta. In kuma ta ɓata maka rai, ka faɗa, ko da muryarka za ta ɗan tashi, a gama a wuce. Kada ka hore ta da shiru. Na ɗanɗana shi, kuma a baƙon gari inda ba ta da uwa ba ta da gwaggo zai fi yi mata nauyi fiye da yadda ya yi mini.

Na ba mahaifinka haƙuri, ya ce ya wuce. Daga nan na faɗa kuskuren da ya fi duka girma, kuma da niyyar gyara na yi shi. Na ƙudura cewa sai motar nan ta tashi, unguwa ta gan ta tana tafiya, sunan da na raɗa mata ya mutu. Amma ba kafireto, injin asali ba zai tashi ba, irinsa kuwa ya yi wuya. Mahaifinka ya ce zai jira har ya samu. Ni na kasa jira. Na kira ƙanena, Kawunka Lawal, tunda direba ne. Ya duba ya ce a daina wahala, a sauke tsohon inji a ɗora na wata mota ta zamani wanda ya fi ƙarfi, a ƙara sifirin a baya don ta ɗauki kaya. Na riƙe wannan shawara na hana mahaifinka sakat. Ya ce mini birkin motar na tsohon yayi ne, an yi shi daidai ƙarfin tsohon inji, in za a sauya inji sai a fara sauya birki, kayan kuma sai an aiko da su daga nesa. Na ce kullum shi sai an jira. Na ce ga kaka ta zo, ina so geron gonarmu ya shigo gida a cikin motarmu. Na yi ta maimaitawa safe da yamma. Ina jin ya ga a karon farko ina son abin da yake so, bai so ya kashe mini gwiwa ba. Ya yarda.

Ta tashi. An yi mata fenti ruwan toka, aka rufe baya da katako a madadin ƙyaure. Ranar da za a kwaso gero mahaifinka ya tafi shi kaɗai, aka loda dammuna har suka wuce kan motar. A hanyar dawowa akwai gangara kafin a hau kwalta. Yana saukowa sai ga makiyayi ya ratso da garkensa. Ya taka birki, mota ta ƙi tsayawa. Ya ce ya ga mutumin a gabansa ƙuru-ƙuru da sanda a kafaɗa. Ya murɗa sitiyari ya bar hanya, ya daki gindin gawo. Makiyayin ne ya jawo shi daga ciki. Haƙarƙarinsa ya karye, gwiwarsa ta goce, ɗingishin da ka san shi da shi daga nan ne. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, ko saniya ɗaya bai taɓa ba.

A asibiti na zauna gefen gadonsa ina kuka ina cewa ni na jawo. Ya ce in daina, shi ya san birkin, shi kuma ya riƙe sitiyari. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta sauke mini nawa kason ba.

To, ka ji. In za ka sauya wani abu a jikin mota, ka fara da abin da zai tsayar da ita kafin abin da zai ƙara mata gudu. Kada son a gani ya sa ka fitar da ita titi alhali kai ka san da saura. Titi ba naka ba ne kai kaɗai, akwai mai garke, akwai mai ɗauke da itace, akwai 'yan makaranta. Kuma abin da ka tabbata haɗari ne, kada ka yarda da shi don ka faranta wa wani, ko da Safiya ce, ko da ni ce. Da mahaifinka ya ce mini a'a ya tsaya a kai, da na yi fushin kwana biyu na huce.

Aka jawo motar aka mayar rumfa, ya sa aka lulluɓe ta da tamfol. Bai sake ambatonta ba. Ba zan ɓoye maka ba, daɗi na ji. Riguna suka daina ɓaci, yana cin tuwo da zafinsa, bayan La'asar yana zaune a ƙofar gida. Na ɗauka zaman lafiya ne ya dawo. Shekaru suka tafi a haka, ka gama jami'a, ƙannenka suka girma, shi ya yi ritaya. Ban lura ba cewa mutumin ya daina ɗokin wayewar gari. Yana nan dai, yana sallah, yana zuwa gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure, amma ba abin da yake jira. Ina kallonsa kullum ban gani ba, don shirun ya yi mini daidai.

Sai ciwon nan ya same shi, ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Kana wurin bautar ƙasa ka zo ka gan shi ka koma. Abin da ba ka gani ba shi ne watannin da suka biyo baya. Likita ya ce sai ya riƙa motsa hannun. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefar. In na zo ɗaga shi sai ya juya fuska bango. Abinci sai da lallashi. Wata safiya na ji ya ce da Gwaggonka, da kalmomin da suke fita da ƙyar, shi ya gama, jira kawai yake. Na fita tsakar gida na rasa inda zan sa kaina. Ƙafata ta kai ni rumfar, na ɗaga tamfol ɗin da ban taɓa taɓawa ba.

A bayan motar na tarar da tsohon injin, na asalin, bisa katako, an naɗe shi da buhuna. Na buɗe. Ba tsatsa ko ɗigo. Ko'ina shafe da mai, man ma bai gama bushewa ba. Ashe duk shekarun nan, in na tafi makaranta ko unguwa, yana shiga ya shafa masa mai ya juya shi ya rufe, ya wanke hannu kafin in dawo. Na zauna a ƙasa a wurin. Mutum a gidansa, yana ɓoye wa matarsa abin da ba saɓon Allah ba, don kada ranta ya ɓaci. Ni na mai da shi haka.

Na samo kwano na zuba kalanzir, na tsinto notuna masu tsatsa daga ƙasan rumfa, na haɗa da burushinsa na kai masa na ajiye a kan cinyarsa. Na ce, "Malam, waɗannan na ina ne? Ni ban san su ba." Ya kalli kwanon. Sannan ya sa hannun hagu ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce na murfin inji ne. Ya yi ƙoƙarin gogewa da hannu ɗaya ya kasa. Da kansa ya jawo hannun daman da na hagun ya ɗora a kan notin don ya danne. Ranar ya ci abinci ba lallashi.

Ban ce maka motar ce ta warkar da shi ba. Allah ne mai warkarwa, kuma har yau bai warke duka ba. Amma ka riƙe wannan: in ka ga na kusa da kai ya bar abin da yake so ya yi tsit, kada ka yi murna don ka huta. Ka je ka duba.

Bayan haka na sa Kawunka Lawal ya raka ni Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, da sunan kafireton a rubuce yadda mahaifinka ya faɗa mini. Ban taɓa shiga irin wurin ba. Muka yi ta bin rumfuna, ƙasa baƙi ƙirin da mai, wannan ya tura mu wurin wancan. Wasu suna tambaya ko mijina bakanike ne, na ce a'a, mai so ne kawai. Sai bayan Azahar wani dattijo ya zaro shi daga ƙasan tarin kaya. Ƙyauren baya kuwa ba mu samu ba. Wani Ardo da mahaifinka ya daɗe yana yi wa shanunsa allura, da ya zo dubiya ya ji zancen, shi ya ce ya san wata mota irinta a tsallaken iyaka wajen Matamaye, an mai da ita ma'ajiyar harawa. Da ka gama bautar ƙasa, kai da Kawunka kuka je kuka ɗauko ƙyaurenta. Ragar gaba har yau ba mu samu ta asali ba, wadda ke jiki mai walda ne ya ƙera, kuma duk wanda ya san motar da kallo ɗaya zai gane. In na wuce ta gabanta ina gani. Ba duk abin da mutum ya zubar yake dawowa ba, ko da an yafe masa.

Sauran aikin kai ka yi shi da hannunka bayan ka dawo, shi yana kan kujera a bakin rumfa yana nuna maka da sanda, ba sai na ba ka labari ba. Na dai ga yadda ya hana ka taɓa inji sai da kuka gama da birki. Abin da nake so in faɗa maka na ranar da kuka fitar da ita ne. Kai ke tuƙi, aka ɗaga shi aka zaunar a tsakiya, ka zagayo ka buɗe ɗaya ƙofar ka tsaya kana kallon ƙasa. Na gane, na ɗauko mayafi na shiga. Muka bi hanyar Sandamu a hankali, gero ya fitar da kai hagu da dama. Ya rufe ido yana sauraron injin. Da ka tsaya ka sauka duba ruwan lagireto, muka rage mu biyu. Na ce masa tun da aka kawo motar nan gidan, yau ne na fara shiga cikinta, ya yafe mini. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce, "Ni ma ban taɓa ce miki ki shigo ba." Ka dawo ka tarar muna share fuska, ka yi kamar ba ka gani ba. Allah ya yi maka albarka.

Saboda haka in ka samu motar can ta Minna, ko wata, ga abin da nake roƙonka. Ka fara kai Safiya ta gan ta a inda take, da tsatsarta da komai, kafin ta ji a bakin maƙwabta. In ta ce ba yanzu ba, ka saurara, sabon aure ne kuma ba ta san kowa a garin ba. Kada ka matsa wa mai ita, ka kuma tabbatar tasa ce da takardunta, don kada ka jawo kayan wani gidanka. Kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai, ka tokare da kututture, ka kuma bari wani ya san kana ciki. In an kira sallah ka ajiye sufana. In an ajiye abinci ka wanke hannu ka zo ku ci tare da zafinsa. Ka ware mata ranar da ba za ka leƙa rumfa ba ko kaɗan. Motar da ta yi shekaru a bayan gareji za ta iya ƙara mako guda tana jiranka. Ita kuma Safiya, in takardar ta biyo ta hannunki, 'yata, ki tambaye shi. Ko ya yi shiru ki sake tambaya.

Abu na ƙarshe. Tun da kuka fara haɗa kaya mahaifinka ya rage magana. Ba zai ce maka komai ba, ka san shi. In ka kira waya, kada ka tsaya a ya jiki, ya ƙarfin jiki, wannan kowa yana yi masa, kuma alhamdu lillahi kawai zai ce ya miƙo mini wayar. Ka tambaye shi abin da ya sani. Ka ce inji yana yi maka wata ƙara, ka kara masa wayar ya ji. Ko ka san amsar, ka tambaya. Maganarsa tana da nauyi, za ta ɗauke shi lokaci, kada ka ƙarasa masa kalma. Ka jira shi har ya gama.

Allah ya tsare ku a gida da hanya, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da na mutum. Allah ya sa albarka a aikinka da aurenku, ya ba ku haƙuri da juna, ya ba ku zuriya ta gari. Allah ya ba mahaifinka lafiya, ya jiƙan kakanka da duk waɗanda suka riga mu. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Mahaifiyarka,
daga Daura.